An rubuta wa yayana maganin dattawa don tsakuwar ƙoda, ko akwai wanda ya san shi?

Bello Mabera:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman wanda ya san abin nan ya fahimtar da mu. Yayana ne ciwo ya kayar da shi a kasuwa, ya taso daga kwiɓin hagu yana sauka mara har maraina, ga amai, ga fitsari ja-ja. Ya kasa zama ya kasa kwanciya, sai birgima. Muka kai shi asibiti, aka yi masa allura abin ya lafa, sannan aka yi hoto. Likita ya ce tsakuwa ce ta baro ƙoda ta maƙale a bututun da ke kai fitsari mafitsara, can ƙasa, girmanta milimita 6. Ya ce ba za a yi aiki ba tukuna. Ya rubuta wani magani tamsulosin, ɗaya kullum, da maganin ciwo, ya ce mu dawo bayan mako biyu a sake hoto. Da na je kemis sai mai shagon ya ce wannan ai maganin tsofaffi ne masu riƙewar fitsari, me ɗan shekara arba'in zai yi da shi. Yanzu Inna ta hana shi sha, wai kuskuren rubutu aka yi. Shin maganin narkar da tsakuwar yake yi? Ko mu nemi kuɗi kawai a yi aikin a huta?

Maman Ikram Arkilla:
Subhanallah. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne.

Kawu Sani Gwadabawa:
Wa'alaikumus salam. Allah shi ba shi lahiya. Bello, mu da munka tashi ba mu san ana yanka mutum don tsakuwa ba. Jiƙo aka sha da 'yar jar kanwa, mutum shi yi ta hitsari har ta hita. In kuna so ku taho da shi in haɗa ku da mai magani nan garinmu. Kuma ku hwaɗa ma mata su dinga rege shinkahwa da kyau, wagga tsakuwa da aka haɗiyewa ita ka taruwa ga ƙoda.

Hajiya Luba Nas:
Kawu ina wuni. Da izininka zan ɗan gyara wuri ɗaya, don kada laifi ya faɗa kan mata a banza. Tsakuwar da ke cikin shinkafa ko wake in an haɗiye ta hanji take bi, ta fita a bayan gida. Babu hanyar da za ta bi ta shiga ƙoda. Ta ƙoda a cikin fitsarin kansa take haɗuwa. Idan ruwa ya yi ƙaranci a jiki, fitsari ya yi kauri, sai gishirin da ke cikinsa ya riƙa daskarewa kaɗan-kaɗan har ya zama dutse. Shi ya sa muka fi ganin masu ita idan zafi ya tsananta, Maris zuwa Mayu, lokacin da garin nan Sakkwato ke haura digiri 40. Masu gini, direbobi, 'yan kabu-kabu, masu tallar rana, su ne suka fi zuwa.

Dakta Nasiru:
Bello, ka gaishe da Inna, ka ce mata ba kuskure ba ne. Mai kemis ya san rabin zancen. Gaskiya ne asalin tamsulosin na dattawa ne waɗanda firostet, wato ƙullin naman da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ta kumbura ta matse musu hanyar fitsari, aikinsa sassauta tsokar wurin. To irin wannan tsokar akwai ta a jikin bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda, kuma ƙarshensa na ƙasa ya fi amsa maganin, daidai inda ka ce ta yayanka take.

Bututun nan a jikin babba tsawonsa santimita 25 zuwa 30 ne, faɗinsa kuwa milimita 3 zuwa 4 kacal. Idan tsakuwa ta shige shi sai ya riƙa murɗawa yana damƙe ta, fitsari ya taru ta baya ya tokare ƙoda. Azabar da kuka gani ke nan. Maganin yana sa bututun ya saki jiki don ta samu ta gangara mafitsara. Da zarar ta faɗa mafitsara yawanci wahala ta ƙare, domin hanyar da ta rage ta fi faɗi.

Amma ka riƙe wannan da kyau, ba ya narkar da tsakuwa ko kaɗan. Yadda ta shiga haka za ta fito.

Girma da wuri su ne ke yanke hukunci. Wadda ba ta kai milimita 5 ba, ka ce ƙwayar dawa, kusan 7 cikin 10 da kansu suke fita ko ba magani. Daga 5 zuwa 10, wato har zuwa ƙwayar wake, kusan rabi ne ke fita, kuma a nan ne maganin ya fi amfani. Wadda ta haura 10 da wuya ta wuce, jira ɓata lokaci ne. Ta yayanka 6 ce kuma tana ƙasa, don haka abin da likitansa ya yi shi ne daidai.

Bello Mabera:
Allah ya saka da alheri Dakta. Na karanta wa Inna, ta yarda zai fara yau. Da safe zai sha ko da dare?

Dakta Nasiru:
Yadda likitansa ya rubuta. Abin da ake so shi ne lokaci ɗaya kullum, bayan ya ci abinci, ya haɗiye ƙwanson gaba ɗaya, kada ya tauna kada ya buɗe. Yakan sa jiri idan mutum ya miƙe da sauri, musamman kwanakin farko, don haka in ya tashi da asuba ya ɗan zauna bakin gado tukuna. In yana tuƙi ko hawa sama, ya fara ganin yadda jikinsa ya karɓa.

Murtala Famasis:
Dakta ka yi mini afuwa, ni ina da ja a kan yadda ake ɗora wa maganin nan yabo. A 2015 an fitar da sakamakon wani babban gwaji da aka yi a asibitoci 24 na Birtaniya, mutum 1,167. Aka raba su uku, wasu tamsulosin, wasu nifedifin (wani maganin hawan jini), wasu ƙwayar da babu magani a cikinta, ba mara lafiya ba likita ba wanda ya san abin da aka ba wa. Bayan mako huɗu kusan kashi 80 cikin 100 na kowane rukuni ba su buƙaci a yi musu wani aiki ba. Duka ukun kunnen doki. To me ya sa za mu sa talaka ya riƙa sayen magani na wata guda alhali jira kaɗai ma zai fitar da ita? Kullum ina ganin takardu, duk wanda ya ce kwiɓinsa na ciwo an rubuta masa, wani ko hoto ba a yi masa ba.

Dakta Nasiru:
Malam Murtala gwajin da ka kawo gaskiya ne, kuma ya girgiza likitocin fannin a lokacin. Sai dai ka duba su wa aka gwada. Kusan kashi uku cikin huɗu tsakuwarsu ba ta wuce milimita 5 ba, irin wadda dama fita za ta yi. Kuma an haɗa na sama da na tsakiya da na ƙasa duk a kwano ɗaya. Bayan nan a 2018 aka fitar da wani daga Sin, mutum fiye da 3,000, duk tsakuwarsu a ƙasan bututu. Masu shan tamsulosin kashi 86 ta fita, waɗanda ba su sha ba kashi 79, kuma bambancin a wurin masu tsakuwar da ta haura milimita 5 ya bayyana. Ƙananan ba su ƙaru da komai ba. Shi ya sa ƙungiyar likitocin mafitsara ta Turai ta tsaya a kan cewa a ba wanda tasa ke ƙasa kuma ta haura 5.

Inda nake tare da kai ɗari bisa ɗari shi ne rubuta shi ba hoto. Wannan ba magani ba ne, caca ce da ƙodar mutum.

Murtala Famasis:
To 86 da 79, tazarar 7 ke nan. Ba ƙarami ba ne ga wanda ya tsira daga tiyata, na yarda, amma a riƙa gaya wa mutane haka. Kada su ɗauka sun sha ƙwaya shi ke nan an gama. Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wanda zai zo ya ce a ba shi irin wanda aka ba maƙwabcinsa. Ban bayarwa, ko zai yi fushi.

Shehu Kwannawa:
Salamu alaikum. Ni abin ga ya taɓa kama ni bara, ina bisa mashin da fasinja, sai da nis sauke shi nid durƙusa bakin titi. Tawa 5 da rabi anka ce. An ba ni wanga magani, kuma likita ya ce duk hitsarin da zan yi in yi shi cikin roba in tace da ƙyalle mai tsabta. Na samu wani hwarin yadi na ɗaure bakin gwangwanin madara, shi nika shiga da shi bayi. Cikin mako na biyu da dare na ji wani zugi ga mara, hitsari na ta matsa ni kaɗan-kaɗan, can sai na ji abu ya wuce. Da na haska hitilar waya sai ga ta bisa ƙyallen, baƙa-baƙa, jikinta duk ƙaya-ƙaya, ba sumul ba. Na sa ta cikin kwalbar magani na kai mai. Bello ka ce ma yayanka shi tace, in ba haka ba ba shi sanin ta hita.

Hajiya Luba Nas:
Shehu Allah ya yi maka albarka, ka taɓo inda na fi jin tsoro. Mutane da yawa da ciwo ya daina sai su ce ta fita, ba su ƙara waiwayar asibiti. Alhali ciwo na iya ɗaukewa tsakuwa na nan daram ta toshe hanya. Ƙodar ta kumbura ta gaji, ta daina tura fitsari, shi kuwa yana yawo lafiya lau saboda ɗayar na aiki. Sai bayan watanni a yi hoto a tarar ta riga ta lalace. Wallahi na ga haka da idona, matashi, kuma babu abin da za a iya mayarwa. Don Allah in ba ka ga tsakuwar a hannunka ba, ka koma a sake hoto ko da ba ka jin komai. Kai ko ka gani ma ka koma, wani yana da biyu.

Bello Mabera:
Hajiya to har yaushe za a yi ta jira? In mako biyun ya cika ba ta fita ba fa?

Dakta Nasiru:
Jiran yana da iyaka. Mako huɗu, in an ja sosai shida, kuma da sharaɗin ana duba shi a tsakani, ciwo na jin magani, ƙoda na aiki, babu zazzaɓi. In wa'adin ya cika tana nan, a cire ta.

Kuma a cire ta ɗin ba lallai yankan ciki ba ne yadda Kawu ke tsoro. Akwai na'ura siririya mai kyamara da ake bi da ita ta hanyar fitsari a farfasa tsakuwar da hasken leza a kwashe, ba a yanka ko'ina. Akwai kuma wadda ke farfasa ta daga wajen jiki da bugun sauti, wadda aka fara amfani da ita ga mutane a birnin Munik na Jamus a 1980. Manya da ke cikin ƙoda akan huda ƙaramar kafa ta baya a ciro. Wace za a yi ya danganta da tsakuwar da kuma kayan aikin da asibitin ke da su. Nan Sakkwato akwai likitocin mafitsara da na ƙoda a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, su za su gaya maka abin da ya dace da shi.

Ga abubuwan da in ɗaya ya faru ba a jiran ranar komawa. Zazzaɓi ko rawar ɗari. Fitsari ya tsaya ko ya ragu ƙwarai. Amai ya hana shi riƙe ruwa da magani. Ciwo ya fi ƙarfin abin da aka ba shi. Zazzaɓin ne mafi haɗari, domin fitsarin da ya taru bayan tsakuwa in ƙwayoyin cuta suka shige shi, cikin 'yan awoyi suna iya bazuwa cikin jini. A nan dole a buɗe wa fitsarin hanya da gaggawa, a sa ɗan bututun roba, maganin ƙwayoyin cuta shi kaɗai ba ya isa. Mai ƙoda ɗaya, ko wanda dukkan ɓangarorin biyu suka toshe, shi tun farko ba a sa shi cikin masu jira.

Kawu Sani Gwadabawa:
Dakta na ji bayaninka kuma na gamsu da wani. Amma kada ku raina na gargajiya. Ni na san mutanen da sunka sha jiƙo ta hita, ba ɗaya ba ba biyu ba. Mi za ka ce ga wanga?

Dakta Nasiru:
Kawu ban ƙaryata ka ba, na yarda ta fita. Sai dai ka tuna ƙanana 7 cikin 10 fita suke yi ko me mutum ya sha, kuma mai shan jiƙo ruwa yake ɗurawa cikinsa da yawa, wannan ma taimako ne. Matsalata ita ce mai jiƙo ba ya ganin girman tsakuwar. Mai ta milimita 3 da mai ta 15 gora ɗaya zai ba su. Na farko ya warke ya yi ta yabo, na biyu yana gida yana sha ƙodarsa na mutuwa. Kuma ƙodar da ke toshe ba ta son a ɗora mata abin da ba a san ƙarfinsa ba, akwai haɗe-haɗen da su kansu ke kai mutum ga wankin ƙoda. Kanwa kuwa sodiyam ce da ita mai yawa, dangin gishiri, gishiri kuma yana ƙara kalsiyam a fitsari, ga hawan jini. Roƙona a fara yin hoto a san abin da ake faɗa da shi.

Kawu Sani Gwadabawa:
To, hoto ba laihi na ba. Allah shi sa mu dace.

Aliyu Runjin Sambo:
Ni tambayata, an ce babu maganin da ke narkar da ita, amma mahaifina likita ya ba shi wani ruwan magani na watanni, aka sake hoto aka ce tsakuwar ta ɓace. Yana da ciwon suga. Ya abin yake?

Murtala Famasis:
Aliyu tsakuwa iri-iri ce. Mafi yawa, wajen 7 zuwa 8 cikin 10, ta kalsiyam ce, wannan babu ƙwayar da ke narkar da ita, duk wanda ya ce maka yana da ita kuɗinka yake so. Amma akwai ta yurik asid, wadda ke haɗuwa idan fitsari ya cika tsami, kuma masu ciwon suga da masu ƙiba da masu ciwon gaɓoɓi na gawut sun fi yin ta. Ita ana iya narkar da ita da maganin da ke rage tsamin fitsari, irin su fotasiyam sitiret, ana auna fitsarin a kai a kai don kada a zarce. Da alama irin ta Baba ke nan. Ita ba ta ma fitowa a hoton ƙashi na yau da kullum, sai a sikanin ko siti, wato hoton kwamfuta na CT. Akwai ta uku da ciwon sanyin fitsari mai yawan dawowa ke haifarwa, ta fi kama mata, tana girma ta cika ƙoda, wannan sai an cire ta duka. Shi ya sa abin da Shehu ya yi na kai tsakuwar asibiti yake da amfani, in an gano irinta an san abin da za a kiyaye. Amma kada wani ya je ya sayi na Baba ya sha, mai raunin ƙoda fotasiyam na iya taruwa a jininsa ya taɓa zuciya.

Maman Ikram Arkilla:
Dakta mata fa? Ƙanwata na da ciki wata shida, tana fama da ciwon kwiɓi, wata ta ce mata tsakuwa ce ta sha maganin ciwo dikilofenak.

Dakta Nasiru:
Maman Ikram kada ta sha. Mace da ba ta da ciki ana ba ta tamsulosin don tsakuwa kamar namiji, bututun iri ɗaya ne. Amma mai ciki hukuncinta daban. Dikilofenak da ibufurofen suna iya cutar da ƙodar jariri su rage ruwan mahaifa, a watannin ƙarshe kuma su taɓa jijiyar zuciyarsa. Ciwon kwiɓi ga mai ciki na iya zama sanyi ne ya hau ƙoda, ko ma abin da ya shafi cikin kansa. Ta je wurin awo gobe da safe a duba fitsarinta a yi sikanin, shi ba ya cutar da ciki. In akwai zazzaɓi ko jini, yau.

Tunda an ambaci dikilofenak, shi ne ya fi kwantar da ciwon tsakuwa, shi ya sa ake farawa da shi. Amma mai olsa, mai raunin ƙoda, mai ciwon zuciya, da wanda amai ya busar, ba nasu ba ne sai likita ya auna. Kuma na kwanaki ne, ba abin da za a riƙa zuba wa ciki safe da yamma har wata ba.

Shehu Kwannawa:
Akwai abu guda da ban hwaɗi ba, amma gara in hwaɗa don wani kada shi tsorata. Ina shan maganin na lura in na kusanci iyali ruwa ba ya hitowa kamar da. Hankalina ya tashi ƙwarai. Da na daina sha komi ya dawo daidai.

Murtala Famasis:
Shehu ka kyauta da ka faɗa. Sananne ne, maganin na sassauta wuyan mafitsara, sai maniyyi ya ragu ko ya koma ciki ya fita da fitsari daga baya. Ba ya kashe mazakuta, yana wucewa in an daina. Abin da za a guje wa shi ne haɗa shi da maganin ƙarfin maza ba da sanin likita ba, su biyun suna sauke jini, mutum na iya yanke jiki ya faɗi. Mai shan maganin hawan jini ya faɗa wa likita. Haka dattijon da za a yi wa aikin yanar ido, lallai ya gaya wa likitan ido yana sha ko ya taɓa sha, domin yana sa wani sashe na ido ya yi laushi a lokacin aikin, in an sani ana shiryawa.

Bello Mabera:
Wani abokinsa ya kawo masa jakar fiya wata ya ce ya shanye a yini ɗaya ruwan zai tunkuɗo ta.

Hajiya Luba Nas:
A'a Bello. Lokacin da ciwo ya murɗa, ɗura ruwa da ƙarfi ba ya tura ta, ƙara tokare ƙodar yake yi, ga amai. Ya riƙa sha a hankali cikin yini. Abin da ake nema mutum ya fitar da fitsari lita 2 zuwa 2 da rabi a kwana. Ledar fiya wata rabin lita ce, don haka shida lita 3 ke nan, a zafin garin nan mai aikin rana yana iya buƙatar fiye da haka domin gumi ke kwashe rabi. Ya duba launin fitsarinsa, in ya yi ja kamar an jiƙa shayi bai sha isasshe ba, in ya yi fari-fari ya yi daidai. Ya sha kafin ya kwanta, ya aje buta ko gora kusa da shimfiɗa. Mai ciwon zuciya ko wanda ƙodarsa ta riga ta yi rauni shi kam sai yadda likita ya ƙayyade masa.

Malam Umaru Gidan Igwai:
Allah ya saka wa likitocinmu. Ina so in ƙara game da azumi, domin na san wasu za su ji nauyin tambaya. Allah ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185, ya sha ya rama a wasu kwanaki. Wanda tsakuwa ta maƙale masa, likita amintacce ya ce ƙishirwa za ta cutar da shi, ya karɓi rangwamen, na nafila kuwa ya jinkirta. Wanda ta riga ta fita yana tsoron dawowa, ya tambayi likitansa kafin watan ya kama, kuma ya rarraba shan ruwa daga buɗa baki zuwa sahur maimakon ya cika ciki da lemon kwalba.

Aliyu Runjin Sambo:
Tana dawowa ke nan? An ce wa Baba ya bar nono da fura gaba ɗaya saboda kalsiyam.

Dakta Nasiru:
Tana dawowa, kusan rabin waɗanda suka taɓa yi suna sake yi cikin shekara 5 zuwa 10 in ba su canza komai ba. Amma zancen barin nono ba haka yake ba. Kalsiyam ɗin abinci yana kama sinadarin oksalet tun a hanji su fita tare, in ka bar nono sai oksalet ya samu hanya ya shiga jini ya sauka fitsari. Baba ya sha nononsa daidai wa daida, ya dai kula da sukari saboda ciwonsa. Abin ragewa shi ne gishiri da dunƙulen ɗanɗano, da yawan nama, musamman kayan ciki ga mai irin tasa, da lemon kwalba. Mai ta kalsiyam kada ya cika alayyafo da gyaɗa da baƙin shayi mai kauri, kuma ya bar shan ƙwayar bitamin C mai ƙarfi ba dalili. Lemon tsami a matse cikin ruwan sha yana da kyau, sinadarin da ke cikinsa na hana gishirin daskarewa. Rigakafi ne, ba ya cinye wadda ta riga ta haɗu.

Garba Goronyo:
Dakta yarana biyu suna hitsarin jini ga ƙarshen hitsari, ba su kukan ciwo sosai. In sayo musu wanga magani?

Dakta Nasiru:
Kada ka saya Malam Garba. Yaro a Goronyo, yana wanka a dam ko fadama, jini a ƙarshen fitsari, abin da za a fara zargi tsargiya ce. Ka kai fitsarinsu a duba ƙwai, maganinta firazikwantel ne, ana auna shi da nauyi ko tsawon yaro. In an bar ta shekaru tana ƙuntata bututun fitsari ta lalata mafitsara. Yara ma suna yin tsakuwar mafitsara, za ka ga yaro na kuka yana jan gabansa, fitsari na yankewa a tsakiya, amma wannan ma hoto ne zai nuna.

Maman Sadiƙ Minannata:
Don Allah Dakta yanzu na ga wannan zancen. Maigidana ma tsakuwa ce, yana kan irin maganin nan. Tun la'asar jikinsa ya yi zafi rau, yana karkarwa har haƙora na haɗuwa, na lulluɓe shi da bargo biyu. Ya ce maleriya ce in sayo masa magani a kemis, da safe ma je asibiti. Fitsarinsa ma kaɗan ne yau, kuma ya yi duhu.

Dakta Nasiru:
Maman Sadiƙ kada ku kai safe. Ki tafi da shi sashen gaggawa na babban asibiti yanzu, ba kemis ba, ba ƙaramin shagon allura ba. Ki ɗauki takardar hoton da duk magungunan da yake sha. Da kin isa ki ce musu yana da tsakuwa a bututun fitsari kuma ga zazzaɓi da rawar ɗari, ki faɗa da wannan lafazin don su gane da wuri. Kada ki ƙara masa dikilofenak. Ko da maleriyar ce can za su gwada, amma ba za a zauna a gida ana zato ba.

Hajiya Luba Nas:
'Yar'uwa ki tashi ƙaninsa ko maƙwabci ya kama miki shi, kada ya miƙe shi kaɗai ya faɗi. Kada ya ci komai yanzu, wataƙila su buƙaci shiga da shi ɗakin aiki a daren nan.

Maman Sadiƙ Minannata:
To. Babu mota a gidan, ƙaninsa ya fita neman adaidaita.

Malam Umaru Gidan Igwai:
Ina da mota kuma ban yi nisa da ku ba. Ki sa ƙanin nasa ya turo mini kwatancen gidan ta saƙon sirri, ku shirya shi, ga ni nan tafe.